Tanimu da Surukinsa a Hanyar Matsirgar Shiru

A bayan garin Kwarin Balbela akwai wasu duwatsu da suka hau kan juna har suka shige cikin gajimare. Daga ƙololuwarsu wani kogi yake saukowa, kuma duk inda ruwansa ya zubo daga kan dutse zuwa ƙasa, mutanen wurin matsirga suke ce masa. Matsirgar ƙasa kowa ya san ta. Baƙi kan zo daga birane su bi 'yar hanyar da ta ratsa cikin gora, su yi wanka, su ci guzurinsu a kan falalen dutse, su koma. Ta tsakiya sai maharba, su ma daga nesa suke hangenta. Ta can sama kuwa ita ake kira Matsirgar Shiru, domin ruwanta yana zubowa daga inda ido ba ya kaiwa, amma ko ɗigonsa ba a ji. A bayan wannan ruwa birnin aljanun ruwa yake, kuma mace ce ke mulkinsa, sunanta Sarauniya Raɓa.

To, a wannan gari akwai wani mutum ana ce masa Tanimu, sana'arsa yi wa baƙi jagora zuwa matsirgar ƙasa. Ƙafarsa ba ta zamewa a kan dutse, bakinsa kuma ba ya gajiya da ba da labarin kansa. Matarsa Kuluwa tana da tsohon ciki, na fari.

Wata rana bayan baƙi sun watse, sai ya hango wani abin wuya na murjani a kan dutse, daidai inda feshin ruwa ke sauka. Ya duba gabas ya duba yamma bai ga kowa ba, ya ɗauka ya jefa a aljihu. Ko da ya iso gida aljihun ya jiƙe sharkaf, amma bai kula ba. Ya miƙa wa Kuluwa ya ce, "Ga shi, daga birni na sa aka sayo miki. Irinsa sai matan manya."

Ta yi murna, ta ɗaura a wuya, ta koma gindin murhu ta ci gaba da tuƙa tuwo. Ba a jima ba muciya ta tsaya. Tanimu ya leƙo, ya tarar da ita zaune idonta a buɗe, ba ta gani ba ta ji, ruwa yana ɗiga daga yatsunta har ya kashe wutar. Ya kama abin wuyan zai cire, ya ji kamar a jikinta ya tsiro.

Kafin la'asar gida ya cika da mutane. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, ba abin da ya motsa. Har mahaifinta, Malam Jatau, wanda tun da aka kawo ta bai taɓa taka gidan ba, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana dogare da sanda. Ganinsa ya sa Tanimu ya durƙusa a gefe ya sunkuyar da kai, domin tsakaninsa da surukinsa kunya ce irin ta mutanen da. In ya hango shi a hanya yakan ratse, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa ko a bayan idonsa bai taɓa kamawa ba.

Ana cikin haka sai ruwan randa ya fara juyawa shi kaɗai, wata murya mai sanyi ta fito daga ciki, ta ce, "Ya ku mutanen wannan gida, ku saurara. Abin da ke wuyan matar nan na 'yar Sarauniya Raɓa ne. Ta ajiye shi a kan dutse tana wanka, mijin matar nan ya tsince shi, ya ce mata daga birni aka sayo. Babu abin da zai kwance shi sai ruwan Matsirgar Shiru. A zo mana a roƙa. Wanda ya haife ta da wanda ya aure ta, su biyu, babu na uku."

Ruwan ya kwanta. Tanimu ya ji idanun mutane a kan ƙeyarsa, ya yi fatan ƙasa ta tsage ya shige.

Malam Jatau ne ya fara magana. Dattijo ne mai jiki, mai ciwon gwiwa, wanda ko tudun bayan gari bai taɓa hawa ba. Bai dubi Tanimu ba, bango ya duba, ya ce, "A gaya wa yaron nan, da sassafe zan jira shi a bakin gora."

Gari na wayewa suka kama hanya. Tanimu na gaba, tsoho na baya, ba mai cewa komai, sai ƙarar sanda a kan tsakuwa. In suka zo inda dutse ke da santsi, sai Tanimu ya tsaya ya yi kamar mai kallon tsuntsaye, har ya ji tsoho ya haye, sannan ya ci gaba. Suka wuce matsirgar ƙasa, suka bi ta gefenta suka hau, har inda sawun mutane ya ƙare. Daga nan rana ta tsaya cak a inda take, ba ta ƙara gaba ba, inuwarsu kuma ta koma baya ta bar su.

Suka iske wata tsohuwa zaune a gindin ɓaure, gabanta ƙwaryar fura. Gashin kanta ciyawar ruwa ne, 'yan ƙananan kifaye suna wasa a cikinsa. Ta ce, "Sannunku da hawa, 'yan Adam."

Malam Jatau ya ce, "Yauwa, sannu Iya. Hanyar Matsirgar Shiru muke nema."

Ta ce, "Hanyar ba ta buɗewa sai an ga gindin ƙwaryar nan. Ludayi ɗaya ne. Ku zauna kuna fuskantar juna, wannan ya sha ya miƙa wa wancan."

Tanimu ya ce a hankali, "Iya, ni a ƙoshe nake. Baba ya sha."

Tsohuwa ta ce, "Wanda bai sha ba, a nan zai zauna tare da ni har kifi ya yi ƙwai a kansa."

Suka zauna gwiwa da gwiwa. Tsoho ya yi bisimilla ya sha, ya miƙo ludayi. Tanimu ya karɓa ya juya fuska gefe ya kurɓa, sai ƙwarya ta sake cika har baki. Tsohuwa ta ce, "Kuna fuskantar juna na ce." Dole ya juyo. Duk haɗiyar da ya yi, sai ya ji ƙararta kamar an jefa guga a rijiya. Yana cikin sauri don ya huta da abin, sai ya ƙware, fura ta feso ta hanci ta baki ta sauka a gemun surukinsa. Malam Jatau ya sa hannun riga ya goge, ya ɗebo wani ludayin ya miƙa masa. Haka suka yi ta yi har gindin ƙwarya ya bayyana. Tsohuwa ta kife ta, dutsen da ke bayanta ya tsage, ga matakala ta miƙe sama.

Suka yi ta hawa, tsoho na nishi, har suka fito bakin wani kwazazzabo mai zurfin da in ka leƙa sai ka hango gajimare a ƙasanka. An ratsa shi da kadarko na saiwar itace. A bakin kadarkon wani ƙaton gwaggon biri ne zaune, sanye da alkyabbar gansakuka, ya harɗe ƙafa kamar alƙali.

Ya ce, "Ni ne Sarkin Ƙetare. Wannan kadarko ba ya ɗaukar wanda bai ji sunansa ba. Kowannenku abokin tafiyarsa ne zai kira masa suna, da murya sosai, sannan ya haye."

Malam Jatau ya yi gyaran murya ya ce, "Tanimu." Nan take saiwoyi suka ɗaure tamau. Tanimu ya haye, ko girgiza kadarkon bai yi ba.

Da ya isa wancan gefe, Sarkin Ƙetare ya ce, "Saura kai, ya ɗan Adam. Kira shi."

Tanimu ya dubi ƙasa ya ce, "Baba."

"Kadarko bai san Baba ba."

"Malam."

"Malamai suna da yawa a duniya."

Ya buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ya sake buɗewa, ya sake tsayawa. Tsoho ya jira har ya gaji, ya tuna 'yarsa tana can zaune ruwa na ɗiga daga jikinta, sai ya ce a ransa ko an kira ko ba a kira ba zai gwada. Ya taka kadarko. Bai kai tsakiya ba saiwoyi suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafarsa guda ta zurma, sandarsa ta kusa suɓucewa.

Tanimu bai san lokacin da ya kwarma ihu ba. "Jatau!"

Saiwoyi suka koma suka ɗaure. Amma duwatsu suka cafe sunan, wannan ya jefa wa wancan, Jatau, Jatau, Jatau, kamar uwa na kiran yaron da ya ƙi dawowa daga wasa. Har tsoho ya gama hayewa suna ta maimaitawa. Tanimu ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, bai hana shi ji ba.

Sarkin Ƙetare ya ɗaga murya daga can ya ce, "Ku riƙe wannan. Gabanku akwai makiyayar duwatsu. In kun shiga, ku yi tafiyar mai ɗauke da tulu a ka. Wanda ya ruga, shi zai tashe su."

Suka ci gaba, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta da. Can suka ji ruri kamar hadari, sai ga matsirgar tsakiya, ruwanta kore shar, kuma hanyar ta cikinsa ta bi, ba ta dama ba ta hagu. Suka rufe ido suka kutsa. Ruwan ya daki kansu da kafaɗunsu, suka ji ana magana a cikinsa, ana cewa, "Zaren da hannun ɗan Adam ya kaɗa ba ya wuce nan." Suka fito ta ɗaya gefen, ba riga, ba wando, ba hula. Sandar tsoho kaɗai ruwan ya bari.

Tanimu ya faɗa bayan wani dutse ya tsugunna ya dunƙule. Ya ji motsin tsoho a cikin ganyaye, ya ji ana ɓare ɓawon kalgo. Jim kaɗan sai ga hannu ya leƙo ta saman dutsen, riƙe da faffaɗan ganyen gamji da igiya. Malam Jatau ya ce, "Karɓi, yaro. Ni ban ga komai ba, kai ma ba ka ga komai ba."

Tanimu ya ce, "To, Baba."

Suka ɗaura ganye, suka kama hanya, kowa idonsa a kan yatsun ƙafarsa.

Daga nan hanya ta buɗe zuwa wani fili mai ciyawa, shimfiɗe tsakanin tsaunuka. Ga duwatsu nan birjik, wasu kamar rumbu, wasu kamar ɗaki, suna mirginawa a hankali suna kiwo, ƙananansu na bin manya. Ana jin ƙarar ciyawa suna tsinka. Tanimu da tsoho suka shiga tsakaninsu, suna ɗaga ƙafa suna ajiyewa kamar masu tsoron tashin jariri. Sun ci rabin filin lafiya, sai wani baƙin dutse, wanda ya fi sauran girma, ya mirgino ya tare Tanimu. Wata tsaga a jikinsa ta buɗe, ido ya bayyana, rawaya, mai faɗin faifai. Dutsen ya matso yana shinshinar ƙaurinsa, numfashinsa da sanyi kamar na rijiya.

Daga baya tsoho ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsaya, yaro. Kada ka motsa."

Tanimu ya ji. Ya kuma tuna abin da Sarkin Ƙetare ya ce. Amma da dutsen ya taɓa fatarsa, ƙafafun nan nasa da yake taƙama da su suka ɗebe shi. Ya ruga.

Fili ya ɗauki rugugi. Duwatsu suka firgita suka yi ta karo da juna, ƙasa na girgiza. Tanimu na tsalle yana kaucewa, bai waiwaya ba. A cikin rugugin ya ji ƙarar sanda ta karye, ya ji tsoho ya yi wani nishi mai nauyi, sannan ya ji muryarsa yana cewa, "Wuce, yaro, kada ka tsaya." Ai kuwa bai tsaya ba.

Bai san iyakar gudun da ya yi ba, sai dai ya ji komai ya ɗauke. Yana taka ƙasa ba ya jin sawunsa, yana haki ba ya jin numfashinsa. Ya ɗaga kai, ga Matsirgar Shiru a gabansa, fara fat, tana saukowa daga sama kamar an sako ƙyalle. Ya tsaya. Ya waiwaya, ba kowa a bayansa. Ya daɗe a tsaye, gaba ba daɗi, baya ba ƙarfin hali. Daga ƙarshe ruwan ya dare biyu da kansa, wasu dogayen dogarai masu fatar kifi suka fito suka sa shi a tsakiya suka shiga da shi.

Birnin da ya gani, da ruwa aka gina shi. Bangaye na ruwa ne a tsaye, kifaye na yawo a cikinsu, tituna kuwa farin yashi. Aljanu suka fito ƙofofinsu suna kallon ɗan Adam mai ɗaure da ganye. Aka kai shi fada. Sarauniya Raɓa na zaune a kan bayan wani kunkuru da ya kai girman soro, a gefenta 'yarta, wuyanta babu komai.

Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarauniya ta ce, "Ya kai ɗan Adam, mun ce su biyu. Ina ɗayan?"

Tanimu ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Tun da harshenka ya yi nauyi, bango zai faɗa."

Sai bangon fada ya washe, ga filin duwatsu a cikinsa. Ga Tanimu yana gudu ganye na tashi, ga tsoho ya miƙa hannu, ga baƙin dutse ya bi ta kan ƙafarsa ya wuce. Duk fada suka kalla tun daga farko har ƙarshe. Tanimu ya jira a yi masa dariya ko a zage shi, da ya ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Suka dai juyo suna dubansa.

Sarauniya ta tafa hannu, aka kawo ƙorai biyu aka ajiye a gabansa. Ta nuna ta fari ta ce, "Wannan ruwan matsirga ne. Ka zuba a wuyan matarka, abin 'yata ya dawo gida, matarka ta tashi. Ba don kai na bayar ba, don 'yata na bayar. In ya zube a hanya, babu wani."

Ta nuna ta biyu ta ce, "Wannan kuwa kyauta ce, domin na ga abin da ke cinka. Wanda ya sha shi, kunya ta rabu da shi har abada. Za ka manta da tsohon nan, mutanen garinku su manta, 'yarsa ma ta manta. Dogaraina su sauke ka a ƙofar gidanka kafin ƙiftawar ido. Shi kuwa dutse ya riga ya kama ƙafarsa, yana hawa jikinsa. In ya gama sai ya shiga garkenmu, ba zai ji zafi ba. In ka ƙi sha, ta filin nan za ka koma da ƙafarka, duwatsu kuma sun riga sun san ƙanshinka."

Tanimu ya ɗauki ƙwarya ta biyu. Ruwan garau yake, ƙanshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko. Ya tuna muryar randa a gaban jama'a, ya tuna gemun tsoho, ya tuna sunan da duwatsu suka yi ta jifa da shi, ya tuna hannun nan da aka miƙa bai kama ba. Kurɓa ɗaya, duk su wuce. Ya kai ƙwaryar baki har gefenta ya taɓa leɓensa. Sai ya sauke ta, ya ajiye.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, tun da na gudu ba abin da ke jan zuciyata baya sai kunyar nan. Tausayi bai tsayar da ni ba, ƙarfin hali kuwa kin ga iyakarsa a bango. In kika cire mini ita, ba zan koma ba."

Sarauniya ta dube shi ta ce, "Ɗauki ruwan matarka ka tafi, ya ɗan Adam. In ka fitar da tsohon daga filin, dutsen zai tsaya inda ya kai. Abin da ya riga ya ci kuwa, ya ci."

Ya ɗauki ƙwarya da hannu biyu ya fito. Da ya iso filin, duwatsu sun koma kiwo, amma duk wanda ya wuce sai ya buɗe ido ya bi shi da kallo. Ya iske Malam Jatau zaune a ciyawa, karyayyar sanda a gefensa, ƙafarsa ta dama ta zama baƙin dutse har idon sawu. Da wannan ƙafa yake taka masaƙarsa, domin saƙa ce sana'arsa tun yana saurayi.

Tsoho ya ɗago ya ce, "Ka samo?"

"Na samo, Baba."

"Alhamdu lillahi. To wuce da shi, yarinyar nan na jira."

Tanimu ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya juya baya ya durƙusa, ya ce, "Baba, ka hau."

Tsoho ya ce, "Ni a bayanka, kamar jariri? Da wannan ganyen?"

"Ban ga komai ba, Baba."

Malam Jatau ya ja dogon numfashi ya hau. Ya ɗauki ƙwaryar ya ɗora a kan Tanimu ya riƙe ta da hannu biyu. Tanimu ya miƙe da ƙyar, ƙafar dutse na dukan cinyarsa. Suka fara tafiya. Ba su yi nisa ba baƙin dutsen nan ya mirgino, ya buɗe idonsa, ya bi su a gefe yana shinshina. Tsoho ya ji jikin Tanimu ya ɗauki kyarma, ruwa ya fara kaɗawa a ƙwarya. Sai ya sunkuyo wajen kunnensa ya fara magana a hankali, kamar suna zaune a zaure.

Ya ce, "Kuluwa tana ƙarama, akwai wata akuya da muke da ita mai tunkuyi. Kowa tsoronta yake, ban da ita. Sai ta je ta kama kunnenta tana yi mata faɗa. Taka a hankali, yaro. Wata rana akuyar ta cinye mata ɗankwali, ta zo tana kuka wai in je in karɓo. Ɗaga ta hagu. Na ce to a ina zan karɓo, ta ce in buɗe bakin akuyar in duba."

Haka ya yi ta ba shi labari, Tanimu na ɗaga ƙafa yana ajiyewa, hawaye na bin fuskarsa ba hannun sharewa, har dutsen ya gaji ya koma kiwo. Suna fita daga filin sanyin da ke hawa ƙafar tsoho ya tsaya.

A ƙetaren matsirgar tsakiya suka iske kayansu a ninke a kan dutse, a bushe. Sarkin Ƙetare ya matsa musu ba tare da ya tambayi komai ba. Tsohuwa mai fura ba ta nan, sai ɓaurenta. Da suka iso sawun mutane inuwarsu ta taso ta bi su, rana kuma ta ci gaba da tafiyarta. Tanimu bai sauke tsoho ba sai a tsakar gidansa.

Malam Jatau da hannunsa ya zuba ruwan a wuyan 'yarsa. Murjani ya narke, ya gangara ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya nufi kogi. Kuluwa ta yi atishawa, ta dubi murhu ta ce, "Wa ya kashe mini wuta?"

Gida ya kaure da hamdala. Mutane suka kewaye tsoho suna taɓa ƙafar, suna tambayar yadda aka yi. Ya ce, "Dutse ne ya taka ni a can sama. Yaron nan ya goyo ni tun daga can har nan." Bai ƙara ba, bai rage ba. Nan aka juya kan Tanimu da yabo. Wannan ya ce namijin duniya, wancan ya ce Allah ya ba kowa suruki irinsa. Duk kalmar da aka faɗa sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Ya sulale ya shige ɗaki.

Da mutane suka watse Kuluwa ta shigo ta zauna kusa da shi. An riga an gaya mata abin da randa ta faɗa. Ta ce, "Da ka ce mini tsintowa ka yi, ai da na ce ka mayar, shi ke nan. Ni ban taɓa tambayarka kayan birni ba." Bai iya ɗaga kai ba. Ya gaya mata abin da ya faru a filin duwatsu, bai ɓoye komai ba. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba."

Bayan 'yan kwanaki ya tafi gidan surukinsa da hantsi. Ya iske shi a rumfa, zaune a gaban masaƙa, zare a miƙe, ƙoshiyar jefa zare a hannu, yana ƙoƙarin taka mataki da ƙafar dutse ta ƙi lanƙwasa. Tanimu ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ba ka gaya musu ba."

"Na gaya musu abin da ya shafe su."

"Ni na tashe su, Baba. Ka ce in tsaya, na ji, na gudu."

Tsoho ya juya ƙoshiyar a hannunsa. Ya ce, "Na sani, ai ina wurin. Da dutsen nan ya buɗe ido, ni ma da ina da ƙafafunka da na gudu. Wannan ba na shakka. Abin da nake ta tambayar kaina tun ranar, ban samu amsa ba, shi ne ko ni da zan dawo kamar yadda ka dawo."

Tanimu ya dubi zaren da aka fara saƙawa aka bari, ya dubi ƙafar. Sai ya matso da gwiwa har gindin masaƙa, ya zauna a ƙasa a gefen tsoho, ya ɗora tasa ƙafar a kan matakin dama. Kansa a sunkuye ya ce, "In an zo wurin takawa, Baba, sai ka gaya mini."

Malam Jatau ya dube shi, ya gyara zama, ya tofa bisimilla ya jefa ƙoshiya.

Ya ce, "Taka."